Oba-oba a jirgin fito: ta jika 20 ma ta isa, muddin akwai mai saurare

Babu kogi a ƙasar Arewa. Dallol Mawri, kwarin da ya ratsa Dogon Dutsi da Tibiri, tsohuwar hanyar ruwa ce da ta ƙafe tun dubban shekaru. Ruwanta ya koma ƙarƙashin rairayi, inda masu lambun dankali da albasa ke cim masa da rijiya da famfon burtsatse. Ruwan da yaron Matankari ko na Kore Mairuwa ya sani shi ne tabkin damina, irin Tabkin Saw na garin Dutsi, wanda uwaye ke ja wa yara kunne kada su kusance shi. Don haka wanda ya ji ana zancen rediyon hannu a cikin jirgin ruwa zai iya cewa wannan magana ce ta mutanen Gaya, ko ta Kabawa da Sarkawa, ba ruwan Ba'are.

Da ruwansa kuwa. Kwarin nan da ya bushe, in aka bi shi kudu ta Gecheme da Junju, a kogin Isa, wato kogin Neja, yake ƙarewa, ƙasa kaɗan da Gaya, kuma hanyar da ruwa ya daina bi ita mutane ke bi har gobe. 'Yan cin rani masu nufin Faraku da Kwatano, 'yan kasuwa, ɗalibai, masu neman magani, mata masu zuwa biki ko ta'aziyya, duk sai sun tsaya a bakin kogin nan. A da gada ce ke raba su da ruwa, suna leƙensa ta tagar mota.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Benin ta rufe iyaka, aka gitta kwantenoni da manyan motoci a kan gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Yamai ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro, aka ƙare 2024 aka shiga 2025 a haka. Tafiya ba ta tsaya ba. Motar kamfani ta sauke fasinja a Gaya, ɗan kabu-kabu ya kai shi bakin ruwa, kwale-kwale mai inji ya ƙetarar da shi da kayansa, wata mota ta ɗauke shi a ƙetare. Fiton da a da na masunta ne da masu cin kasuwar ƙauye ya koma hanyar ƙasa da ƙasa, buhunan hatsi da babura da jarkoki da tsofaffi da jarirai duk a jirgin katako ɗaya.

Da yawa daga cikin fasinjojin nan 'yan tudu ne, ba su taɓa iyo ba. Ɗan Dandi da ya tashi a bakin kogi, in jirgi ya kife, yana da abin yi. Wanda ya fito daga Ɗan Kasari ko Dumega ba shi da komai sai jiran wanda zai tsamo shi, jiran kuwa gajere ne ƙwarai. Wanda bai iya ruwa ba yakan nutse cikin minti guda ko ƙasa da haka, ƙwaƙwalwa kuma takan fara lalacewa in ta yi minti 4 zuwa 6 ba numfashi.

Kogin yana da tarihinsa. A Satumban 2017 wani jirgi da ya taso daga Gaya ɗauke da 'yan kasuwa zuwa Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, ya kife, aka tsamo gawa aƙalla 33. A Fabrairun 2019 wani da ya taso daga ɓangaren Benin zai kai mutane kasuwar Una ya kife kusa da Sambera, cikin jihar Doso, ya ci fiye da mutum 40. A ƙarshen Mayun 2021, can ƙasa a Wara ta Kebbi, jirgi ya dare da mutane fiye da 150 a ciki, waɗanda aka fitar da rai kusan 20 ne kawai. A duka ukun an ambaci lodin da ya wuce ƙima.

A irin waɗannan haɗurra, masu fara isa wurin kusan kullum masunta ne da 'yan fito na kusa. 'Yan kwana-kwana da jandarma suna zuwa, amma galibi aikin tsamo gawa suke tarar wa. Ke nan masu ceto suna nan a kan ruwa tun farko, da jiragensu da ƙwarewarsu. Abin da ya rage shi ne yadda labari zai riske su da wuri, kuma yau hanya biyu ce kawai: ihu, ko wayar salula.

Salula tana da amfani, babu mai musu, amma tana da sharuɗɗa da yawa ga mutumin da ruwa ke shigo masa jirgi. Sai ya san lambar wanda zai kira, sai akwai kuɗi a layin, sai akwai rezo, sai wancan ya ɗauka. Gilashin wayar zamani ba ya jin yatsan da ya jiƙe. Ga kuma wata matsala ta wannan yankin: hukuncin Kotun Duniya na 12 ga Yulin 2005, wanda ya ba Nijar tsibirin Lete, ya aza iyakar Nijar da Benin a kan babbar hanyar da jirage ke bi a cikin kogin, wato daidai inda haɗari ya fi yawa nan ne waya ke shawagi tsakanin rezon ƙasashe biyu. Rezon ma ana iya kashe shi da umarni ɗaya. Mutanen Zamfara da wasu sassan Sakkwato da Katsina sun ga haka a Satumban 2021, lokacin da hukumomin Najeriya suka rufe layukan waya don yaƙi da 'yan bindiga. Kuma ko an dace duk sharuɗɗan sun cika, mutum ɗaya tak aka kira.

Oba-oba, wato rediyon hannu, ba ta da lamba, ba ta cin kati, ba ta buƙatar ƙarfen kamfani. Matuƙi ya danna maɓalli a gefe, ya faɗi inda yake da abin da ya same shi, ya saki. Duk wanda ke kan layin a kewayen ya ji a lokaci guda, har da mai jirgin da ke bayan tsibiri, wanda matuƙin bai san yana wurin ba. Wannan siffa ɗaya ita ce dalilin da ya sa manyan jiragen teku, duk da tauraron ɗan Adam da intanet, har yanzu suke barin rediyonsu a buɗe a layi na 16, zangon megahaz 156.8, wanda duniya ta keɓe don kiran gaggawa.

Sai dai a da kayan nan na gwamnati ne da manyan kamfanoni, saboda tsada. Abin ya sauya ne a 2012, lokacin da kamfanin Baofeng na lardin Fujiyan a ƙasar Sin ya fitar da wata ƙarama mai suna UV-5R. Ƙarfinta wat 4 zuwa 5, tana aiki a zangon VHF da na UHF, tana da tocila da rediyon FM, kuma a kasuwannin intanet kuɗinta dalar Amurka 20 zuwa 30, abin da bai wuce jika 20 na sefa ba. Ƙanwarta BF-888S, mai layi 16 ba maɓallan lamba, ta fi haka araha. Ita ce ake gani a hannun masu gadi, ma'aikatan otal, masu shirya taro, da kuma, kamar yadda kowa ya sani, mutanen daji. Oba-obar da aka ƙera takanas don jirgin ruwa, irin ta Icom ko Standard Horizon, takan fara daga dala 100 zuwa sama.

To, mai arahar tana jure rayuwar kwale-kwale?

Gaskiyar magana, ba don ruwa aka yi ta ba. UV-5R ba ta da robar da ke toshe gaɓoɓi, ruwa yana shiga ta maɓallai, ta ramin lasifika, ta kafar da ake soka makirufo. Yayyafi da feshin da iska ke kwasowa takan jure su. Amma in ta faɗa cikin ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi, wanda yaron jirgi ke kwalfewa da gwangwani, sai dai a cire batir a shanya ta a yi ta addu'a. In ta faɗa kogi kuwa, an yi sallama, don ba ta tasowa. Ta jirgin ruwa ta gaske tana ɗauke da alamar IPX7, ma'ana za ta iya yin minti 30 a zurfin mita ɗaya ta fito tana aiki, wasu kamar Icom IC-M25 har iyo suke yi suna walƙiya don a gan su da dare. Akwai masu araha da yanzu ake buga musu irin wannan alama a kwali. Mai hankali ya gwada ɗaya a bokiti kafin ya sayi goma.

Mutanen kogin Isa sun yi sa'a ta fuska ɗaya, ruwansu ba na gishiri ba ne. Gishirin teku shi ke cinye ƙarafan cikin na'ura cikin watanni, kuma yawancin ƙorafin da masu jiragen Turai da Amurka ke yi kan waɗannan rediyoyi daga nan yake. Abokan gabar oba-oba a nan daban ne. Na farko zafi: a watan Afrilu ma'auni yana haura digiri 40 a Gaya, batirin litiyom da aka bari a kan katakon jirgi da tsakar rana kuwa ƙarfinsa raguwa yake yi, wani har ya kumbura. Sai ƙurar hunturu, mai cusa kanta cikin maɓallai da lasifika. Sai hannun mutane. Wurin da ta fi saurin karyewa shi ne gindin eriya, saboda kowa da eriyar yake ɗaga ta, kuma danna maɓallin magana ba eriya yana iya ƙone cikinta. Sai jabu, wanda ya cika kasuwa: batirin da aka rubuta masa ƙarfin da ba shi da shi, kwali mai alƙawarin wat 10 ko 18 da nisan kilomita 50. Babu oba-obar hannu da ke kai kilomita 50 daga cikin kwale-kwale, ko nawa aka saye ta.

Akwai kuma wata cuta da ba ta cikin takardar kamfani. Tocilar nan da rediyon FM ɗin nan jarraba ne. Ranar da ake gasar takobin kokowa, Isaka Isaka zai shiga fili, da wuya a samu yaron jirgin da zai bar na'urar a kan layin gaggawa, batir kuwa zai ƙare kafin la'asar.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma sun yi gaskiya, amma a nan ba ado ake nema ba. Rabin raunin mai arahar ana toshe shi da abin da bai kai kuɗin fito ɗaya ba: jakar leda mai kauri irin wadda ake sa wa salula, igiya a ɗaure ta a wuyan matuƙi ko a jikin jirgi, gorar ruwa da ba komai a ciki a ɗaura mata don ta taso in ta faɗa, batir na biyu a ajiye a inuwa. Murya tana ratsa leda ba matsala. Sauran raunin kuma a karɓe shi yadda yake, a ɗauki na'urar a matsayin kayan da ke ƙarewa ana sabuntawa, a sa kuɗinta cikin lissafin shekara tare da mai da gyaran inji.

Lissafin ma yana bayan mai arahar. Kuɗin ta jirgin ruwa ɗaya zai sayi masu araha 4 ko 5. A ce tashar fito tana da jirage 30, kuɗin da ke hannu kuma na masu tsada 6 ne. In aka sayi shidan, jirage 24 ba sa ji, ba a jin su, kuma jirgin da zai shiga matsala ya fi yiwuwa ya kasance cikin 24 ɗin. In aka sayi masu araha 30, ko da 5 sun mutu kafin damina ta fita, 25 na magana da juna. Amfanin oba-oba yana ƙaruwa ne da yawan masu riƙe da ita. Wanda ke doguwar tafiya, daga Gaya zuwa kasuwannin Kebbi ko sama wajen Sambera, da fasinja masu yawa da tafiyar awanni, shi ya kamata a tilasta wa mai hana ruwa.

Maganar nisa ita ce inda 'yan kasuwa suka fi yaudarar mai saye. Igiyar VHF ba ta lanƙwasa ta zagaya tudu, kusan iya ganin ido take tafiya. Mutum biyu a cikin kwale-kwale, kowa da rediyo a tsayin mita ɗaya da rabi daga ruwa, a takarda za su ji juna har wajen kilomita 10. A zahiri, da kwanar kogi da tsibirai da itatuwan gaɓa, a yi tsammanin 3 zuwa 5. Wannan ya ishi fito tsakanin Gaya da Malanbil. In kuma aka kafa eriya a kan ƙarfe mai tsawon mita 15 a tasha, nisan da ke tsakaninta da jirgi yana iya kaiwa wajen kilomita 20. Tsawon eriya ya fi yawan wat tasiri nesa ba kusa ba. Saboda haka in akwai inda ya cancanci a kashe kuɗi na gaske, tasha ce: rediyon girke mai wat 25, eriya a sama, faifan sola da batirinsa, da inda sauran za su riƙa yin caji.

Duk wannan ƙarfe ne da roba. Abin da ke mayar da shi kayan ceto shi ne mutumin da ke zaune yana saurare, kuma duniya da tsada ta koyi wannan darasi. Daren 14 ga Afrilun 1912, jirgin Titanic ya aika kiran neman agaji ta rediyo mafi inganci a zamaninsa. Jirgin da ya fi kusa da shi, Californian, bai ji ba, saboda ma'aikacin rediyonsa guda ɗaya ne kuma ya kashe na'ura ya kwanta. Carpathia da ke nisan mil 58 shi ya ji, ya iso bayan jirgin ya nutse, ya kwashi mutum kusan 700, wasu 1,500 suka mutu. Bayan nan ne aka kafa dokar cewa manyan jiragen fasinja su bar mai sauraron rediyo dare da rana, aka kuma rattaba hannu kan yarjejeniyar SOLAS a 1914. Shekara 90 bayan nutsewar Titanic, a daren 26 ga Satumban 2002, jirgin Joola na Senegal ya kife a gaɓar Gambiya. Masunta ne cikin kwale-kwale suka fara tsamo mutane, agajin hukuma bai iso ba sai washegari. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 1,863 suka mutu, 64 suka tsira.

Wa zai saurara a bakin kogin Isa? Ba sai an ƙirƙiro sabuwar ma'aikata ba. Kowace tashar fito tana da shugabanni, tana da mai tsara layi da mai karɓar kuɗin tasha, kuma sarautar Sarkin Ruwa tsohuwa ce a wannan yanki, daga Dandi har Argungu. Wanda ke zaune a rumfa yana rubuta jirgin da ya tashi shi ne zai riƙe rediyon girke. Matuƙi ya kira in zai tashi, ya faɗi yawan mutanen da ya ɗauka, ya kira in ya isa. Jirgin da bai kira ba a lokacin da ya kamata, a neme shi. Wannan ɗabi'a kaɗai za ta magance wani abin kunya da ke biyo bayan kowane haɗari, inda ake kwana ana gardama ko mutum 100 ne a jirgin ko 180, iyalai a tudu suna jiran labarin da babu mai shi. Kuma a tanadi jirgi ɗaya mai inji da mai a tanki, wanda ba ya shiga layin lodi.

A nan ya kamata a faɗi iyakar abin. Jirgin da ya kife farat ɗaya, matuƙinsa ba zai samu sukunin danna komai ba. Aikin oba-oba yana gaban kifewa ne: inji ya mutu a tsaka ruwa yana jan jirgi, katako ya tsage, farfela ta naɗe taru ko ciyawa, an hango kututture ko dorina a hanya. Waɗannan duk suna ba da mintuna, wani lokaci rabin awa, kuma cikin mintunan nan jirgi biyu za su iya rage wa na uku kaya.

Babban amfaninta ma wataƙila hadari ne. A ƙasashen nan hadarin damina daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, iskarsa na gaba, da gudun da kan kai kilomita 50 a awa. Kogin a wannan yanki daga arewa maso yamma yake gangarowa zuwa kudu maso gabas, saboda haka sau da yawa mutumin garin Dole yakan ga abin da ke tafe kafin na Gaya, na Gaya kafin na Una. Tazarar kilomita 20 tana ba da gargaɗin fiye da minti 20. Kalma biyu a rediyo, a ɗaure jirage, sun isa. A tabkin Biktoriya na gabashin Afirka, inda aka ƙiyasta mutum 3,000 zuwa 5,000 na mutuwa a ruwa duk shekara, Hukumar Yanayi ta Duniya ta gudanar da wani shiri daga 2017 zuwa 2021 na isar da hasashen yanayi ga masunta ta gidajen rediyo da tutoci da shugabannin tashoshi, kuma binciken shirin ya nuna mace-macen sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Ba a sayi sabbin jirage ba, labari kawai aka isar a kan lokaci. Gidajen rediyon FM na Gaya da Dutsi suna da rawar da za su taka a nan.

Saura babbar hujjar masu adawa, kuma hujja ce mai nauyi. A Yunin 2024 an kashe sojojin Nijar 6 da ke gadin bututun man da ke zuwa Benin, kusa da Salkam cikin gundumar Tibiri. A Nuwamban shekarar, 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Kebbi, ba nisa da iyaka. Masu ɗauke da makamai a Sahel suna amfani da irin waɗannan rediyoyi, haka ma 'yan fasa-ƙwauri. A yanayin da ake ciki, talakan da aka samu da oba-oba a jakarsa a shingen bincike tsakanin Bolbol da Doso zai sha tambayoyi, kuma ba za a ga laifin mai tambayar ba. Ita kanta na'urar tana da laifi: UV-5R tana fitowa daga kwali a buɗe, tana iya magana a zangon da ba nata ba, har na jami'an tsaro da na ma'aikatu. Hukumar sadarwa ta Amurka ta yi gargaɗi kan shigo da irinta a 2018, Jamus kuma ta hana sayar da ita a 2021. A Nijar rabon zango aikin hukumar ARCEP ne, a Najeriya ma sai da izini. Kada wani ya karanta wannan ya ruga kasuwa ya sayo ya fara kira.

Amma hujjar tsaro, in an bi ta a hankali, rajista take nema, ba hani ba. Mutanen daji sun riga sun mallaki tasu, ba su jira izinin kowa ba, hanin a kan mai fito kaɗai yake aiki. Kuma oba-oba irin wannan ba ta da sirri ko kaɗan. Duk abin da aka faɗa a cikinta, jandarma ko jami'in duwan da ke da irinta a bakin ruwa yana ji kai tsaye, abin da ba zai samu ba a saƙon WhatsApp. Ana iya kulle ta da kwamfuta a kan layi biyu ko uku da hukuma ta bayar, a toshe sauran. A buga mata lambar jirgi, a shafa mata fenti mai kala ɗaya, a rubuta ta a littafin ƙungiya da na hukumar gari, ta kwana a tasha, kada ta bi kowa gida. Wadda aka gani a tudu ba lamba, an san ba ta fito ba ce. Da wannan tsari jami'an tsaro ƙarin kunnuwa suka samu a kan kogi, domin babu wanda ya fi ɗan fito sanin baƙon jirgi.

Layin kuma dole ya zama ɗaya a gaɓa biyu, in ba haka ba an yi aikin banza, don mai nutsewa bai damu da tutar jirgin da ya tsamo shi ba. Siyasar Yamai da Kwatano ta yi tsami, gaskiya ne. Amma Hukumar Kogin Neja, mai ƙasashe 9, hedkwatarta a Yamai take tun kafuwarta a 1980, Nijar da Benin da Najeriya duk suna ciki, kuma amincewa da layin gaggawa ɗaya tsakanin Sambera da Lolo ba ya buƙatar a buɗe gada.

Wani zai ce kuɗin nan gara a sayi rigunan ruwa. In zaɓi ɗaya ne tilas, shi ke da gaskiya. Rigar ruwa ce ke mayar da minti gudan ɗan tudu ya zama awa guda, kuma hana lodin wuce ƙima da tafiyar dare ya fi duka biyun. Najeriya ta sa waɗannan a dokar sufurin ruwa ta hukumar NIWA, ko da yake haɗurran jihohin Neja da Kebbi da Sakkwato sun nuna rubuta doka daban, bin ta daban. Sai dai ba zaɓi ɗaya ba ne. Jirgi mai fasinja 50 riga 50 yake buƙata, oba-oba kuwa ɗaya. Kuma mutum 50 da ke yawo a kan ruwa cikin riguna, ruwan da ke gangarowa daga Gine lokacin ɗari yana jan su ƙasa da duhu, har yanzu suna buƙatar wani ya san suna can.

Hukumomin garuruwan Gaya da Tanda da Tunuga da Sambera, tare da shugabannin 'yan fito, su ne ya kamata su kai wa ARCEP da hukumomin tsaro buƙatar layi da rajista, tun kafin hadarin farko na damina mai zuwa. 'Yan majalisun gargajiya da ƙungiyoyin 'yan asalin Dutsi da Tibiri da ke Yamai da Kwatano su sa baki, su sa hannu a aljihu, domin faifan sola da eriya ɗaya bai fi ƙarfinsu ba, kuma 'ya'yansu ne fasinjojin da ba su iya ruwa ba. Shi kuma matafiyin da ya sauka a Gaya, kafin ya miƙa kuɗin fito, ya tambayi mai jirgi ina rigar ruwa, kuma in inji ya mutu a tsaka wa zai ji su. In babu amsa, ya jira jirgi na gaba.